Darasi na Tara: Aikin Sa-kai da Yi wa Ƙasa Hidima a Tcholliré da Kewayenta

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana ma'anar aikin sa-kai, ya kuma bambanta shi da aikin albashi da aikin tilas;
2. faɗin yadda shirin yi wa ƙasa hidima ya samo asali a Kamaru, da hukumomin da ke riƙe da shi;
3. kawo abin da matashi yake ƙaruwa da shi da abin da gari yake samu;
4. yin ɗan lissafi don auna ko aikin da aka yi ya yi amfani;
5. gane abubuwan da ke sa irin wannan shiri ya watse.

1. DAGA GAYYA ZUWA SHIRIN ƘASA

Aikin sa-kai shi ne mutum ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa da abin da ya iya domin amfanin jama'a, bisa son ransa, ba tare da ya sa ran a biya shi ladan aikin ba. Idan an tilasta masa, ba sa-kai ba ne. Idan albashi ne ya kawo shi, wannan ma'aikaci ne, kuma babu laifi a hakan, sai dai sunansa dabam. Idan kuwa amfanin aikin a gidansa kaɗai zai tsaya, to hidimar gida ya yi.

Mutanen karkara sun san wannan tun kafin gwamnati ta rubuta shi a takarda. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, ko tsohuwa ba ta da mai yi mata huɗa, sai a kira gayya. Samari su jeru a kunya, mata su kawo kunu da tuwo, kafin la'asar an gama abin da mutum ɗaya zai shafe mako yana fama da shi. Haka ake yi wajen ɗora jinka, da yaɓen masallaci, da share maƙabarta, da gyaran hanyar da ruwa ya cinye. A ƙasar Mayo-Rey, inda Tcholliré take hedikwata, Fulani da Dii da Mbum da Hausawa da waɗanda suka taso daga arewa mai nisa neman ƙasar noma duk suna da irin wannan taimakon juna, kowa da sunan da yake kiransa.

Amma gayya tana da iyaka. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, a unguwar da kowa ya san kowa, kuma galibi ƙarfin damtse take buƙata. Gayya ba ta ƙidaya yaran gari gida-gida, ba ta koyar da karatu wata shida a jere, ba ta ajiye rajista. Shirin ƙasa yana ɗaukar zuciyar gayya ne ya ƙara mata horo, da ƙayyadadden lokaci, da takardar shaida.

AKWATIN KALMOMI (1)
| Aikin sa-kai: aikin da mutum ya zaɓa da kansa don amfanin jama'a, ba don albashi ba.
| Yi wa ƙasa hidima: shirin da gwamnati ta kafa da doka, wanda matasa ke yin aikin jama'a a cikinsa na wani ƙayyadadden lokaci.
| Alawus: ɗan kuɗin da ake ba ɗan sa-kai don abinci da kuɗin mota. Ba albashi ba ne.
| Yarjejeniya: takardar da ke faɗin aikin da za a yi, da tsawon lokacinsa, da haƙƙin kowane ɓangare.

2. YADDA ABIN YA FARO A KAMARU DA MAƘWABTA

A shekarar 1973, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda haifaffen Garwa ne, Kamaru ta yi dokar da ta kafa shirin hidimar ƙasa don shiga aikin raya ƙasa. Manufar ita ce a koya wa matasa noma da tarbiyyar zama ɗan ƙasa, sa'an nan a taimaka musu su zauna a karkara maimakon su kwarara birane. Shirin ya durƙushe lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsi a ƙarshen shekarun 1980. An farfaɗo da shi da dokar 13 ga Yuli 2007, kuma a watan Disamba na 2010 aka kafa hukumar da ke gudanar da shi, wadda ake taƙaita sunanta da ASCNPD. Dokar ta raba hidimar gida biyu: zango na wajibi, mai kwana 60, ga masu shekara 17 zuwa 21, da zango na sa-kai, mai wata shida, wanda ake iya sabuntawa. A aikace ba kowane matashi ake kira ba, domin wurare da kuɗi ba sa isa.

A 2017 an ƙara kafa Shirin Sa-kai na Ƙasa, wato PNV, a ƙarƙashin ma'aikatar matasa da tarbiyyar ɗan ƙasa, MINJEC. Daga baya, ranar 9 ga Yuli 2021, aka sa hannu a dokar da ta tsara aikin sa-kai a Kamaru baki ɗaya. Muhimmancin wannan doka shi ne ta ba ɗan sa-kai matsayi: ya zama mutum mai yarjejeniya da haƙƙi, ya daina zama yaron da ake aika kawai.

Nijeriya ma a 1973 ta kafa nata shirin, NYSC, ranar 22 ga Mayu, ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa. A can wajibi ne ga masu digiri da babbar difloma da ba su wuce shekara 30 ba, shekara guda ake yi, kuma ana tura mutum jihar da ba tasa ba don ya san ƙasarsa. A Nijar, zamanin Seyni Kountché, an raya ƙungiyoyin Samariya, waɗanda suka gina azuzuwa suka dasa itatuwa bisa tsarin sarkin samari da aka gada. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata 'yan sa-kai tun 1970, kuma a 1985 ta ware ranar 5 ga Disamba ta zama ranar 'yan sa-kai ta duniya.

3. ABIN DA MATASHI YAKE ƘARUWA DA SHI

Matashin Tcholliré da ya bar makaranta yana da hanyoyi kaɗan a gabansa: gonar auduga da masara, ko acaɓa, ko ramin haƙar zinariya a daji, ko ya hau mota zuwa Garwa ko Ngaundare ya gwada sa'a. Duk inda ya je neman aiki, tambayar farko ita ce me ya taɓa yi. Wanda bai taɓa riƙe aiki ba, ba a ba shi aiki, wanda kuma ba a ba shi aiki ba, ba zai taɓa riƙewa ba. Aikin sa-kai yana cikin ƙofofi ƙalilan da ke fitar da matashi daga wannan tarko.

Abin da ya fi bayyana shi ne sana'a: renon dashe, kiwon kaji, auna tsawon yaro da nauyinsa, cika rajista ba tare da kuskure ba. Amma akwai wani ilimin da ba a rubuta shi a takardar shaida, kuma shi ya fi daɗewa tare da mutum. Ɗan sa-kai yana koyon fitowa a kan lokaci. Yana koyon yadda ake yin sallama a ƙofar gidan da ba a san shi ba, da yadda ake fara gaida mai unguwa ko jauro kafin a taɓa komai a gari, da yadda ake haƙuri da magidancin da ya ce ba za a ba 'ya'yansa magani ba, a dawo masa gobe da limami ko wani dattijo da yake jin maganarsa. Wanda Hausa kaɗai ya iya yakan fito da Fulatanci a bakinsa, wanda Faransancinsa na aji ne yakan koyi rubuta rahoto da shi.

Ga 'yan mata abin ya fi haka nauyi. Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka duk wani aikin lafiya ko rajista da ya shafi mata da jarirai yana tsayawa a bakin ƙofa idan babu mace a cikin tawagar. Budurwa ko matar aure da ta yi wannan aiki takan zama wadda mata ke nema idan yaro ya yi zazzaɓi da dare, kuma wannan daraja ce da kuɗi ba sa saya.

Misali na 1. A ɗauka wata matashiya ta yi wata shida tana aikin sa-kai, tana ajiye sefa 5,000 kowane wata daga alawus ɗinta. A ƙarshe tana da 5,000 × 6 = sefa 30,000. Kuɗin ba su da yawa, amma idan a cikin watannin nan ta koyi renon dashen mangwaro da gwaiba, sun isa ta sayi ledoji da bututun ban ruwa ta buɗe ɗan lambun dashe a bayan gida. Da ba ta koyi komai ba, da kuɗin sun ƙare a hidimar salla ɗaya.

4. ABIN DA GARI YAKE SAMU

Misali mafi ƙarfi a wannan yanki shi ne yaƙi da cutar makantar bakin kogi. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda yake hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi. Idan ya ciji mutum sai ya sa masa wata tsutsa a jiki, ita kuma ta riƙa haifar dubban ƙananan tsutsotsi da ke yawo a ƙarƙashin fata. Su ne ke jawo ƙaiƙayi mai hana barci, su ɓata fata, su kai ga ido. Ƙauyukan bakin kogunan Mayo-Rey, musamman kwarin Vina wajen Touboro, sun yi suna da wannan cuta, har akwai lokacin da ganin yaro yana jan babba da sanda ba abin mamaki ba ne.

A 1987 kamfanin Merck ya yi alƙawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Sai dai samun magani dabam, kai shi bakin kowane mutum dabam. Maganin yana kashe ƙananan tsutsotsin ne, uwar kuwa tana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15 a jiki, saboda haka dole a maimaita sha kowace shekara ba fashi. Babu asibitin da ke da ma'aikatan da za su bi kowace ruga da kowane ƙauye tsawon waɗannan shekaru. Mafitar da shirin Afirka na yaƙi da cutar, wanda aka fara a 1995, ya ɗauka ita ce gari ya zaɓi nasa mai rabon magani, ya kuma tsai da ranar rabo da kansa. Ana horar da wanda aka zaɓa, a ba shi rajista da sandar awo mai alamomi. Mutum ya tsaya jikin sandar, tsawonsa ya nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko biyu, har zuwa huɗu. Ba a ba yaran da ba su kai tsawon santimita 90 ba, da masu juna biyu, da wanda yake kwance cikin ciwo mai tsanani.

Abin lura a nan shi ne, mai rabon ɗan gari ne. Ya san wanda ya tafi mashekari da shanu, ya san matar da ta haihu jiya, ya san gidan da sai an bi ta hannun kaka. Baƙo mai farar riga ba zai san wannan cikin yini ɗaya ba. Yawancin matasan da ke ganin hanya sarai a ƙauyukan bakin kogi a yau ba su san irin bashin da waɗannan masu rabo suke bin su ba.

Misali na 2. A ɗauka mai rabo ya ƙidaya mutum 350 a ƙauyensu. Daga ciki 70 ba su cancanci sha ba, saura 280. Ya ba mutum 252. Kashi nawa cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ya samu? 252 ÷ 280 × 100 = kashi 90. Saura mutum 28. Aikinsa bai ƙare ba sai ya duba rajista ya ga su wane ne, ya rarrabe wanda ya yi tafiya da wanda ya ƙi, domin kowannensu da yadda ake bi da shi.

Irin wannan tsari ake bi wajen kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Tun 2016, a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, ana bin gida-gida a watannin damina ana ba yara masu wata 3 zuwa 59 maganin riga-kafi sau ɗaya a wata. Haka kuma ɗigon shan-inna: a 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, kuma ƙafafun masu bin gidaje ne suka kai ga hakan.

AKWATIN KALMOMI (2)
| Riga-kafi: maganin da ake ba mai lafiya don kada ciwo ya kama shi.
| Rajista: littafin da ake rubuta sunayen mutane da abin da aka yi wa kowa.
| Wayar da kai: bayyana wa mutane wani al'amari har su gane su yanke shawara da kansu.
| Ɗorewa: aiki ya ci gaba da amfani bayan waɗanda suka fara shi sun tafi.

Takardar haihuwa wani fage ne da ɗan sa-kai mai ɗan karatu zai yi babban aiki. Yara da yawa a arewacin Kamaru suna kaiwa ajin ƙarshe na firamare kafin a gano ba su da ita, kuma sai da ita ake shiga jarrabawar kammala firamare, wato CEP. Idan wa'adin yin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu, ga kuɗi ga wahalar tafiya. Matashin da zai zagaya unguwa ya tuna wa iyaye tun kafin a yi suna, ya raka su ofishin magajin gari, ya ceci karatun yaro tun yana cikin zanin goyo.

Dashen itatuwa ma yana da tarihi a arewacin Kamaru. Shirin Sahel Vert, wanda aka fara a shekarun 1970 aka kuma sabunta a 2008, ya dogara ƙwarai da hannun matasa da 'yan makaranta. Dasawa ita ce sassauƙan ɓangaren aikin. Wahalar tana cikin watannin rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi da awaki da wutar daji ke haɗuwa a kan ɗan dashe.

Misali na 3. Ƙungiya ta farko ta dasa itatuwa 400, ba ta dawo ba, 60 suka rayu: kashi 15 cikin ɗari. Ƙungiya ta biyu ta dasa 150, ta kewaye kowanne da ƙaya, ta raba wa gidaje ban ruwa, 120 suka rayu: kashi 80 cikin ɗari. Ta biyu ta dasa ƙasa da rabin abin da ta farko ta dasa, amma itatuwanta masu rai sun ninka na ta farko. Bayan shekara ake ƙirga dashe, ba ranar biki ba.

5. INDA AKE SAMUN MATSALA

Matsala ta farko ita ce a kawo wa gari aikin da bai nema ba. Idan daga ofis aka yanke cewa ƙauye kaza yana buƙatar abu kaza, mutane za su yi tafi ranar buɗewa, amma ranar da famfo ya lalace kowa zai ce na gwamnati ne. Zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa zama da mai gari da dattawa da ƙungiyar mata kafin a fara ba ɓata lokaci ba ne, shi ne rabin aikin.

Ta biyu ita ce a mai da ɗan sa-kai ma'aikaci mai araha. Makarantar da ba ta da malami tana buƙatar malami mai albashi. Ɗan sa-kai zai iya taimaka masa, ko ya riƙe aji na ɗan lokaci, amma idan aka bar shi shekara da shekaru a kan alawus, an zalunce shi, an kuma zalunci yaran. Haka jinkirin biyan alawus: wanda ya bar gonarsa a tsakiyar damina don aikin jama'a bai kamata ya koma cin bashi ba. Masu rabon magani da yawa suna ajiye aikin ne saboda gajiya da rashin ko da na goro, ba don ba su san amfaninsa ba, kuma garin da ya zaɓe su yana da haƙƙin tallafa musu, ko da ta hanyar yi musu gayya a gonakinsu.

Ta uku ita ce son kai wajen zaɓe. Idan sunayen 'ya'yan manya ne kawai ke shiga jerin, ko aka bar wata ƙabila ko wani addini a waje, shirin da aka kafa don haɗa kan mutane zai zama sanadin gaba.

Akwai kuma aikin da ba na ɗan sa-kai ba ne sam. A farkon 2012 mafarauta masu manyan bindigogi sun shiga gandun dajin Bouba Ndjida suka kashe ɗaruruwan giwaye, kuma yankin ya sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa. Tunkarar mai bindiga aikin jami'an tsaro ne. Matashi zai iya wayar da kai a kan wutar daji da farautar da doka ta hana, amma kada a tura shi inda ransa ke cikin haɗari da sunan kishin ƙasa.

6. YADDA AKE SHIGA

Mai son shiga shirin gwamnati sai ya tuntuɓi ofishin ma'aikatar matasa na gundumarsa ko cibiyar horar da matasa da ake kira CMPJ, ya riƙa sauraron sanarwa a rediyo da allon ofishin magajin gari. Katin shaidar ɗan ƙasa da takardar haihuwa su kasance a hannu. Aikin lafiya kuwa ta asibitin yanki da mai gari ake bi, haka nan ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana horar da 'yan agaji. Kafin ya sa hannu, ya nemi amsar tambaya huɗu: wane aiki ne, wata nawa ne, wa zai duba shi, kuma wace takarda za a ba shi a ƙarshe.

TAMBAYOYIN BITA

1. A bayyana aikin sa-kai, a kuma faɗi abu biyu da suka bambanta shi da aikin albashi.
2. Wane abu uku ne shirin ƙasa ya ƙara a kan gayya?
3. Me ya faru a Kamaru a shekarun 1973 da 2007 da 2021 game da wannan batu?
4. Me ya sa ake maimaita shan Mectizan kowace shekara, kuma su wa ba a ba?
5. Mai rabo ya ƙidaya mutum 240 da suka cancanci shan magani, ya ba 204. Kashi nawa cikin ɗari ya samu, kuma mutum nawa suka rage?
6. An dasa itatuwa 250, bayan shekara 175 suna raye. Kashi nawa cikin ɗari suka rayu?
7. Me ya sa kasancewar mata a tawagar 'yan sa-kai take da muhimmanci?
8. A kawo matsala biyu da ke lalata shirin sa-kai, da yadda mai gari da jama'arsa za su magance kowace.
9. Aikin rukuni: ɗalibai su zaɓi buƙata ɗaya a unguwarsu, su rubuta wanda za a fara tuntuɓa, da adadin mutanen da aikin ke buƙata, da wanda zai ci gaba da kula da shi bayan wata shida.